Me Ya Sa Aka Goge Maƙalata A Wikipedia, Alhali Kowa Ya San Mutumin?

"Assalamu alaikum. Na rubuta maƙala a Wikipedia ta Turanci a kan wani makaɗin gargajiya na ƙasarmu wanda ya daɗe da rasuwa. Babu fada ko gidan biki a yankinmu da ba a san shi ba, kuma har gobe gidajen rediyo suna sa waƙoƙinsa. Bayan mako guda sai na tarar an goge maƙalar, wai bai cika ƙa'idar shahara ba. Amma ga maƙaloli nan birjik a kan 'yan ƙwallon Turai waɗanda ba wanda ya taɓa jin sunansu. Shin wariya ake nuna mana, ko akwai abin da ban gane ba? Kuma akwai hanyar da za a dawo da ita?" Wani mai karatu daga Gusau.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, tambayarka ta haɗa abu uku ne wuri guda: da wane ma'auni ake auna wanda ya cancanci maƙala a Wikipedia, ko ma'aunin yana yi wa irinmu adalci, sannan mene ne abin yi bayan an riga an goge. Na daɗe ina gyare-gyare a Wikipedia ta Hausa da ta Turanci, ina kuma shiga muhawarorin da ake yi kafin a goge maƙala, kuma irin wannan ƙorafi naka shi ne na fi ji daga bakin sababbin editoci, musamman waɗanda suka fara da rubutu a kan makaɗa, malaman zaure, hakimai da 'yan wasan Kannywood. Tun da maƙalar taka ba ta gabana, ba zan yanke hukuncin ko an yi daidai da aka goge ta ba, amma zan shimfiɗa maka yadda tsarin yake aiki, ta yadda kai da kanka za ka gane inda gizo ke saƙar.

Abin da ake aunawa

Babbar ƙa'idar Wikipedia ta Turanci a kan wannan batu, wato ƙa'idar cancanta wadda ka kira ƙa'idar shahara, gajeriya ce. Ana ɗaukar mutum, ko gari, ko ƙungiya a matsayin wanda ya cancanci maƙala tasa ta kansa idan ingantattun madogara, waɗanda ba su da alaƙa da shi, sun yi bayani mai zurfi a kansa. Ka lura cewa babu maganar yawan masoya a ciki, babu maganar girman aikin da mutum ya yi wa al'umma. Abin da ake dubawa shi ne ko wasu mutane na daban sun zauna sun yi nazarinsa sun wallafa, domin daga abin da suka wallafa ne kaɗai aka yarda edita ya tsakuro maƙala.

Kowane sharaɗi a cikin ƙa'idar yana da aikinsa. Bayani mai zurfi yana nufin rubutun ya tsaya a kan mutumin, ya faɗi tarihinsa ko salonsa ko tasirinsa, don haka labarin jarida da ya ce wane da wane ne suka yi wasa a bikin naɗin sarauta bai wadatar ba, ko da an samu irinsa guda ashirin. Ingantacciyar madogara ita ce wadda ke da editoci masu tantancewa kuma aka san ta da gyara kuskurenta, kamar littafin da madaba'a sananniya ta buga, ko mujallar nazari ta jami'a, ko gidan jarida mai suna. Shafin Facebook, da bidiyon da wani ya ɗora a YouTube, da shafin intanet na mutum ɗaya ba sa shiga wannan sahu, komai yawan masu bibiyarsu. Sharaɗin rashin alaƙa kuwa shi ne ya fi kayar da mutane. Abin da ɗan marigayi ya rubuta, da abin da ƙungiyar masoyansa ta buga, da takardar sanarwa ga manema labarai, duk ba a lissafa su wajen tabbatar da cancanta. Hatta hira da mutum, in dai maganarsa ce kawai aka jera ba tare da ɗan jarida ya yi nasa binciken da sharhin ba, yawancin editoci ba sa lissafa ta, domin mutum ne yake ba da labarin kansa. Wannan bai bambanta da abin da muka sani a kotun Musulunci ba, inda alƙali ba ya karɓar shaidar ɗa ga ubansa. Hakan ba ƙaryata ɗan ba ne, sai don ana neman bakin da ba shi da rabo a cikin maganar.

Akwai abubuwa uku a cikin wannan ƙa'ida da suke taimakon irinka, kuma da yawa ba su san da su ba. Ba dole ne madogara ta kasance da Turanci ba, rubutun Hausa ko Larabci ko Faransanci karɓaɓɓe ne. Ba dole ne ta kasance a intanet ba, littafin da ke kan kanta a laburare ya isa, muddin an faɗi sunansa da shekararsa da lambar shafi. Sannan cancanta ta rataya ne a kan samuwar madogara a duniya, ko an sa su a cikin maƙalar ko ba a sa ba, kuma idan ta tabbata sau ɗaya ba ta gushewa don zamani ya wuce. Makaɗin da jaridu suka yi dogon rubutu a kansa a shekarun 1970 ya cancanta a yau, ko da Google bai san sunansa ba.

Dalilin da ya sa aka kafa ta

Lokacin da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe Wikipedia a ranar 15 ga Janairun 2001, babu wannan ƙa'ida a rubuce. Matsaloli ne suka haife ta. Kundi ne da kowa yake iya gyarawa, babu kwamitin masana da ke tantance marubuta, kuma babu hanyar da edita a Kanada zai san ko wanda ya yi rubutu daga Gusau gaskiya ya faɗa, in ba ta hanyar komawa ga madogarar da ya kawo ba. A shekarar 2005 wani ya rubuta ƙarya a maƙalar John Seigenthaler, tsohon ɗan jarida a Amurka, yana alaƙanta shi da kisan shugaban Amurka John Kennedy da ƙanensa Robert, kuma ƙaryar ta zauna wajen wata huɗu kafin a gano ta. Bayan wannan abin kunya ne, a watan Disambar shekarar, aka hana wanda bai yi rajista ba ƙirƙirar sabuwar maƙala a sashen Turanci, aka kuma tsaurara dokar rubutu a kan rayayyun mutane. A 2006 aka amince da ƙa'idar cancanta a matsayin jagora, sannan a 2018 aka ƙara da cewa sabon asusu ba zai wallafa maƙala kai tsaye ba sai ya kwana 4 ya kuma yi gyara 10.

Matsala ta biyu ita ce talla. Da Wikipedia ta zama wurin da kowa yake fara dubawa, sai 'yan kasuwa da 'yan siyasa da mawaƙa masu tasowa suka fara biyan kuɗi a rubuta musu maƙala. Tun 2014 Gidauniyar Wikimedia, wadda ke kula da Wikipedia, ta wajabta wa duk mai gyara don kuɗi ya bayyana wanda ya biya shi, kuma a 2015 an toshe asusu 381 na wani gungu da ke karɓar kuɗi a hannun mutane da sunan wallafa musu maƙala da kare ta daga gogewa. Wannan matsala ta shafe mu kai tsaye, domin editocin Turanci sun lura cewa a wasu jaridun Najeriya ana buga rubutun yabo da aka biya kuɗinsa ba tare da an nuna cewa talla ne ba. Shi ya sa idan suka ga labari babu sunan marubuci, cike da kirari, an buga shi kusan kalma da kalma a jaridu huɗu cikin mako guda, sai su jefar da shi. Abin takaicin shi ne wannan zargi yakan shafi har rubuce-rubucen gaskiya, mai laifi da marar laifi duk a kwaɓa su tare.

A ganina ƙa'idar tana da hujja mai ƙarfi. Idan babu wanda ya yi rubutu a kan mutum sai iyalansa da masoyansa, to maƙalar da za a rubuta kirari za ta zama, kuma ranar da wani maƙiyinsa ya shigo ya rubuta masa sharri, babu abin da za a riƙe a ƙaryata shi.

Hanyoyin gogewa guda uku

Matakin farko a gare ka shi ne ka san ta wace hanya aka goge maƙalar, domin kowace da maganinta. Idan ka shiga asusunka ka buɗe shafin da aka goge, za ka ga wani akwati a sama ɗauke da sunan mai gudanarwar da ya goge (wato editan da aka ba ikon gogewa), da rana, da dalili.

Hanya ta farko ita ce gogewar gaggawa, wadda mai gudanarwa yake yi ba tare da muhawara ba, a kan dalilai ƙayyadaddu masu lambobi. Lamba A7 ta maƙalar mutum ce ko ƙungiya da ba ta faɗi komai da ke nuna muhimmancinsa ba, G11 ta talla ce ƙarara, G12 kuma ta rubutun da aka kwafo daga wani wuri mai haƙƙin mallaka. Hanya ta biyu ita ce wani edita ya manna sanarwar cewa yana ganin a goge, ya faɗi dalili, idan kwana 7 suka cika ba wanda ya cire sanarwar sai a goge. Kowa yana da ikon cire ta, har da marubucin, kuma maƙalar da aka goge ta wannan hanya ana dawo da ita da zarar an roƙa. Hanya ta uku ita ce zauren muhawara, inda ake buɗe tattaunawa ta aƙalla kwana 7, editoci su kawo hujjojinsu, sannan wani da bai shiga muhawarar ba, galibi mai gudanarwa, ya rufe ta. Ba ƙuri'a ake ƙirgawa ba, ƙarfin hujja ake aunawa, ta yadda mutum biyu da suka kawo madogara sahihai za su iya rinjayar goma da suka ce kawai sananne ne. Sakamakon yana iya zama a bari, ko a goge, ko a haɗe bayanin cikin wata maƙala, ko a mayar da ita daftari, wato rubutun da ake kan gyarawa kafin a wallafa, kuma idan ba a cimma matsaya ba maƙalar tana zama.

Tun da ka ce bayan mako guda ne, kuma an ambaci ƙa'idar shahara, to ɗaya ce daga hanya ta biyu ko ta uku. Abin da na saba gani shi ne sabon edita ya rubuta maƙala ya tafi, ba ya duba shafin tattaunawarsa inda aka ajiye masa sanarwa, har mako ya cika babu wanda ya tsaya wa maƙalar.

Maganar 'yan ƙwallo da maganar wariya

Abin da ka gani game da 'yan ƙwallo gaskiya ne, kuma yana da tarihi. Ban da babbar ƙa'ida akwai wasu ƙananan ƙa'idoji na fannoni, kuma ta wasanni ta daɗe tana cewa duk wanda ya buga wasa ko da sau ɗaya a gasar ƙwararru ana ɗaukar ya cancanta. Da wannan aka cika kundin da dubban gajerun maƙaloli da aka kwaso daga rumbunan alƙaluman wasanni. A 2022 editoci suka yi doguwar muhawara suka soke wannan rangwame, suka ce dole a kawo aƙalla madogara guda mai bayani mai zurfi, amma tsofaffin maƙalolin suna nan da yawa ana bin su sannu a hankali. Saboda haka ne kawo hujjar cewa ai akwai maƙalar wane ba ta tasiri a zauren muhawara, domin amsar da za a ba ka ita ce wataƙila ita ma waccan gogewa ta kamace ta.

Waɗannan ƙananan ƙa'idoji suna nuna daga wace irin al'umma aka gina su. Ɗan majalisar dokokin jiha da ya yi zango ɗaya ana ɗaukar ya cancanta saboda kujerarsa, haka shugaban babbar jami'a, haka ƙauyen da hukuma ta san da zamansa. Amma malamin da ya shekara 50 yana karantar da fiƙihu da tafsiri a zaurensa, almajiransa suka zama limamai da alƙalai daga Zariya har Damagaram, ba shi da wata kujera da ƙa'idar ta sani. Haka sarkin makaɗa, haka ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin gari. Iliminmu da yawa a baki yake da rediyo da kaset, ma'aunin kuwa takarda yake nema.

Kuskuren gogewa bai tsaya a kanmu ba. A watan Satumbar 2007 Jimmy Wales da kansa ya buɗe gajeriyar maƙala a kan Mzoli's, wani wurin sayar da nama da gashi a unguwar Gugulethu ta birnin Cape Town, aka goge ta bayan minti 22, kafin a dawo da ita bayan cece-kuce. A watan Mayun 2018 an ƙi karɓar daftarin maƙala a kan Donna Strickland, masaniyar kimiyyar hasken lesa (laser) a Jami'ar Waterloo ta Kanada, bisa cewa madogaran da aka kawo ba su nuna cancantarta ba, sai ga shi a watan Oktoban shekarar ta samu kyautar Nobel. Wani bincike da Francesca Tripodi ta wallafa a 2021 ya nuna cewa a lokacin tarihin mata bai kai kashi 20 cikin 100 na tarihin mutane a sashen Turanci ba, amma ya haura kashi 25 cikin 100 na waɗanda ake gabatarwa don gogewa.

Idan ka tambaye ni ko wariya ce, zan ce ban yarda akwai wani shiri na ƙin Bahaushe ko ɗan Afirka ba, domin mafi yawan masu sintirin sababbin maƙaloli 'yan sa-kai ne da ke duba ɗaruruwan shafuka cike da talla, suna yanke hukunci cikin mintuna. Amma sakamakon aikin nasu yana fitowa a karkace, kuma wannan karkata ta gaske ce. Doka ta ce kafin edita ya gabatar da maƙala don gogewa sai ya yi bincike ya ga ko akwai madogara. Binciken nasa kuwa yawanci bai wuce ya rubuta sunan a Google da haruffan Turanci ba. Sunan makaɗinku wataƙila ana rubuta shi iri uku ko huɗu, da ƙugiya da babu ƙugiya, a haɗe ko a rabe, wani lokaci da laƙabi kawai, kuma jaridun da suka yi magana a kansa ba su taɓa hawa intanet ba. Sai ya dawo ya rubuta cewa bai samu komai ba, kuma gaskiyarsa ya faɗa. An taɓa gwada mafita a 2011, lokacin da Achal Prabhala ya jagoranci wani gwaji na kafa hujja da hirar baka da aka naɗa a Indiya da Afirka ta Kudu, amma sashen Turanci bai karɓi wannan hanya ba, kuma har yanzu hirar da edita ya naɗa da kansa binciken kai ce a wurinsu, ba madogara ba.

Abin da nake ba ka shawarar yi

Ka ajiye rubutun tukuna, ka fara da neman madogara. Wannan shi ne tsarin da nake bi, kuma shi nake koya wa duk wanda ya zo wurina: kada a rubuta jimla ko ɗaya sai an tara aƙalla madogara uku masu ƙarfi, kowace ta cika sharuɗɗan nan uku a lokaci guda. Uku masu ƙarfi sun fi talatin marasa ƙarfi, domin tarin mahaɗai zuwa Facebook da ƙananan shafuka yana sa mai dubawa ya ɗauka ana ɓoye rashin hujja ne.

A kan makaɗan gargajiya, abin da na gani a aikace shi ne madogaran sukan kasance suna nan, ba a dai je inda suke ba. Sassan nazarin harsunan Najeriya a Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato sun shafe shekaru suna nazarin waƙar baka, kuma malamansu sun wallafa littattafai da maƙalu a mujallu a kan makaɗan fada, da na noma, da na dambe, da na jama'a. A nan sai ka kula da bambanci: littafi da maƙalar mujallar jami'a su ne kan gaba, kundin digiri na uku ana karɓarsa da taka-tsantsan, na digiri na biyu sai idan an nuna masana sun dogara da shi, na digirin farko kuwa ba a lissafa shi, sai dai jerin manazartarsa yakan kai ka ga abin da ake lissafawa. Bayan jami'o'i akwai tsofaffin jaridu: Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, da New Nigerian da ta fara fitowa a Kaduna a 1966, da Aminiya, da mujallar Fim da ta fara a 1999. Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna wurare ne da ya kamata mai irin wannan bincike ya leƙa, kuma shafin Archivi.ng yana ɗora tsofaffin jaridun Najeriya a intanet. Shirin rediyo ma madogara ne idan gida mai suna ne ya shirya shi kuma akwai inda aka adana shi, don haka rahoton ta'aziyya ko shiri na musamman daga BBC Hausa, ko DW, ko Muryar Amurka, ko RFI, ko Rediyon Najeriya Kaduna yana da nauyi, in ka kawo sunan shirin da ranar da aka watsa shi.

Ka kuma karanta ƙa'idar mawaƙa ta sashen Turanci, domin tana da sashe na musamman a kan waɗanda ba sa cikin harkar kamfanonin faifai. Tana la'akari da wanda ingantattun madogara suka ambata a matsayin mai tasiri a salo ko koyarwa a wani nau'in kiɗa, da wanda ya zama ɗaya daga fitattun wakilan wani salo sananne. Wannan ita ce ƙofar da makaɗinku zai fi shiga ta cikinta, amma sai wani masani ko ɗan jarida ne ya faɗi hakan a rubuce, ba kai ba.

Idan madogaran sun samu, sai ka koma ga hanyar da aka bi aka goge. Idan ta sanarwar kwana 7 ce, ka je shafin roƙon dawo da maƙala, za a dawo maka da ita, amma ka sani ana iya kai ta zauren muhawara washegari, don haka ka shiga da madogaranka a hannu. Idan a zauren muhawara aka goge, ka rubuta wa wanda ya rufe muhawarar cikin ladabi, ka jera masa sababbin madogaran da sunan littafi da shafi da gajeriyar fassarar abin da aka faɗa, ka roƙi ya mayar maka da rubutun a matsayin daftari. Mafi yawansu suna yarda. Sai ka gyara daftarin, ka cire kirari da kalmomin yabo irin su shahararre da gagarabadau, ka bar abin da madogara ta faɗa kawai, ka miƙa shi ga masu tantance daftari. Kada ka bar shi ya wuce wata 6 ba a taɓa shi ba, domin ana goge daftarin da aka yi watsi da shi. Akwai kuma zauren ɗaukaka ƙara, amma aikinsa shi ne duba ko an rufe muhawara ba bisa ƙa'ida ba ko kuma wani muhimmin bayani ya fito daga baya, ba wurin maimaita tsohuwar gardama ba ne.

Abubuwa uku nake roƙon ka guje musu, domin na ga sun jawo wa masu kyakkyawar niyya toshewa. Kada ka sake ɗora maƙalar yadda take, domin in a zauren muhawara aka goge ta za a sake goge ta nan take, kuma idan aka yi ta maimaitawa ana kulle sunan gaba ɗaya yadda ko mai madogara ba zai iya buɗe shi cikin sauƙi ba. Kada ka tura saƙo a zauren WhatsApp ka ce jama'a su zo su goyi baya, domin sababbin asusu da suka shigo rana ɗaya suna maimaita magana ɗaya ba a lissafa su, kuma suna ɓata wa maƙalar suna. Kada ka buɗe asusu na biyu don ka mara wa kanka baya. Wanda kuma ya tuntuɓe ka ya ce ka biya shi ya dawo da maƙalar, ka ɗauke shi ɗan damfara, domin babu wanda yake da ikon sayar da wannan hukunci.

Idan madogaran ba su samu ba

Dole in faɗa maka cewa yana yiwuwa ka yi duk wannan bincike ka dawo da ambato biyu ko uku kawai na jimla ɗaya ɗaya. Akwai manyan mutane a ƙasar Hausa da ba wanda ya taɓa zama ya rubuta tarihinsu, kuma babu wata dabara da na sani da za ta sa sashen Turanci ya karɓi maƙala a kansu a yau. A irin wannan hali akwai sauran hanyoyi. Ƙa'idar cancanta tana magana ne a kan maƙala mai zaman kanta, ba ta hana a ambaci mutum a cikin wata maƙala ba, don haka sakin layi guda mai madogara a cikin maƙalar garinsa, ko masarautar da ya yi wa kiɗa, ko nau'in kiɗansa, yana iya zama lafiya lau, kuma a mayar da sunansa ya riƙa kai mai nema can. Wikidata ma, wato rumbun bayanai na Gidauniyar Wikimedia, sharuɗɗanta sun fi sauƙi, kuma shigar da shi can yana haɗa mabambantan rubutun sunansa wuri guda. Aiki mafi ɗorewa kuwa ba a cikin Wikipedia yake ba: a nemi 'yan amshinsa da makiɗansa da suka rage a naɗi maganarsu, a miƙa wa ɗan jarida ko malamin jami'a ya yi nazari ya wallafa. Idan kai ne ka wallafa, ya fi kyau ka bar wani edita ya yi amfani da rubutun, don kada a ce kana kafa hujja da kanka.

Sai kuma Wikipedia ta Hausa. Kowane sashen harshe yana da ikon tsara nasa ƙa'idojin cancanta, shi ya sa na Jamusanci suka sha bamban da na Turanci, kuma hukuncin da aka yanke a zauren Turanci bai hau kan sashen Hausa ba. Ina ba ka shawarar ka rubuta maƙalar da Hausa tun yanzu da madogaran da kake da su, domin masu dubawa a can suna iya karanta jaridar Hausa su kuma san nauyin gidan rediyon da ka ambata. Sai dai ba na goyon bayan masu ganin sashen Hausa wuri ne da za a zuba duk abin da aka kora daga na Turanci, domin dalilan da suka haifi ƙa'idar, wato ƙarya da talla da yabon kai, suna nan a cikinmu, kuma editocinmu masu sintiri ba su da yawa. Abin da nake so in ga editocin Hausa sun zauna sun rubuta shi ne ƙa'ida tamu da za ta fayyace matsayin sarautun gargajiya daga sarki zuwa hakimi, da malaman zaure, da makaɗa, ta kuma faɗi yadda za a kafa hujja da shirin rediyo da kundin jami'a da rubutun ajami, tare da riƙe sharaɗin cewa mai ba da shaida ya zama ba shi da alaƙa da wanda ake magana a kansa. Idan ka shigo da batun makaɗinku zauren tattaunawar sashen Hausa, tare da jerin abin da ka samu da abin da ka nema ka rasa, zai zama misali mai kyau da za a gina wannan tattaunawa a kansa.